Labarin Ƙashi A Tambayi Yawu

Baba Namadi ya zo daga Mariri
da ganyen huhun goro manne a takalminsa.
Ya ce, "'Yar nan, ni babu inda ke mini ciwo.
Ɗan jini ne, in na sa aswaki da asuba,
shi ma ba kullum ba."

Na ce ya tofa a 'yar kwalba.
Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya yi dariya:
shekara sittin yana tofarwa a ƙasa kyauta,
yau an raɗa wa yawunsa suna, har da lamba.

Sai siririyar takarda, ba ta kai tsinken tsintsiya ba,
na zura tsakanin haƙori da dasashi,
ta tsotsi ɗigon da ido ba ya gani.

Bayan la'asar, an ɗauke wuta, janareta na tari,
na'ura ta soma kawo mini tsegumin bakinsa.
Akwai ƙananan almakasai da jiki ke saki
in baƙi sun yi sansani a gindin haƙori,
garin faɗa sai su yanke har zaren da ya ɗinke gida.
Akwai saƙon da ke kiran marusa su hau ƙashi,
akwai wanda ke cewa su dakata.
A bakin Baba, mai kira ya fi mai hani murya.

Haka badala ta yi a Ƙofar Na'isa.
Ba wanda zai ce ga ranar da ta faɗi,
kowace damina dai ta ɗebi cikin tafi,
ta wuce.

Hoton muƙamuƙi bai ce uffan ba tukuna.
Haƙora na tsaye, jajaye, kowa a layinsa.
To yaya zan gaya wa mutum gidansa na zaizayewa
alhali ko ɗigo bai gani a ɗaki ba?

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.
"Goro mai sankara," ya ce,
"ba sai na fasa ba.
A tafin hannu yake gaya mini."

Ya yi shiru, harshensa na zagaya dasashi
kamar mai gida da tocila bayan ruwan dare.
"Yaushe zan dawo a wanke?"
Na ce Laraba.

Ya ajiye mini fari guda biyu kan takardar sakamako.
Ni ba na cin goro.
Amma tun ɗazu nake juya su a hannu,
ina saurare.