Ƙararrawa Biyu a Wusasa

Ranar ƙarshen Disamba na hau mota daga Funtuwa,
rigar sanyi biyu a jikina, ƙullin daddawa a jaka.
Na sauka Kwangila, ɗan acaɓa ya ce, Hajiya, ina?
Na ce Wusasa, kusa da dutse,
gidan da lemun tsami ya tsaya gadi a ƙofa.

Rifkatu ta taro ni tana ɗingishi.
Shekara arba'in ke nan da muka kwana ɗaki ɗaya
muna koyon allura a jikin lemu,
yau ga gwiwa ta hana mu rungumar kirki.
Ta ce, kin tsufa.
Na ce, madubi kike kallo.

Ɗari ya sauko tun kafin isha.
Ta shimfiɗa mini darduma a ɗakin jikoki,
ta nuna mini gabas da haɓa
yadda ta saba tun muna 'yan makaranta.
Muka zauna bakin kasko,
gawayi na ƙas-ƙas, gyaɗa na tsalle a ciki,
shayi da citta a kofin da ya lotsa.
Aka ɗauke wuta. Ba wadda ta ɗaga kai.

Na ce, ba za ki coci ba?
Ta ce, Allah ya san gwiwata,
ya kuma san ina da baƙuwa.

Sha ɗaya da rabi waya ta yi kuka.
Ishaku ne, autanta,
ya ajiye karatu ya bi jirgin ƙasa
zuwa wani ɗan gari can cikin duwatsun Turai.
Sau uku ya faɗi sunan garin,
sau uku harshenmu ya yi tuntuɓe.
Ya juya mana wayar:
titi siriri kamar lungun cikin birni,
rufin gidaje fari fat
sai ka ce buhunan gari ne suka fashe a sama,
fitilu rataye a igiya,
wata tsohuwa na gasa abu mai kama da gurjiya.
Yana magana, bakinsa na hayaƙi.

Rifkatu ta ce, ina hularka?
Duk garin da ya nuna mata
kunnuwansa kawai ta gani.

Na ce, yanzu ƙarfe nawa a wurinku?
Ya ce, Inna Ladidi, ai agogonmu ɗaya.
Na yi shiru.
Ni da nake zaton wanda ya yi nisa haka
dole ya riga mu shiga shekara,
ko ya tsaya a baya yana kiranmu.

Sai ƙararrawa ta buga a nan Wusasa,
mata suka ɗaga waƙa,
yara suka cika layi da dukan gwangwani.
Cikin wayar ma wata ƙararrawa ta tashi,
ta makara da numfashi ɗaya,
tana biye da tamu a hankali
kamar yadda nake bin Rifkatu in muna hawa tudu.

Daga nan hoto ya daskare.
Ishaku ya tsaya da baki buɗe,
rabin gaisuwa a can, rabi ta ɓace a hanya.
Ta girgiza wayar, ta hura mata iska,
ta tura ta cikin zane, daidai ƙirji,
wai kada yaron ya ji sanyi.

Ta yi addu'arta, na yi tawa,
amin ɗinmu ya haɗu a kan kasko.

Da safe ta cika mini leda da lemun tsami,
ta raka ni iyakar inda ƙafa ta yarda.
Har na hau babur ta ƙwala mini kira:
in kin je Funtuwa,
matar nan mai saƙa tana nan?
Ki ce ta yi babba.
Mai rufe kunne.