Alawayyon Ilu Majigi

A Kanya Babba, in ka tambayi Iliyasu Barau
za a ce maka ba a san shi ba.
Ce Ilu Majigi.
Tsofaffin gindin ɗurumi za su gyara zama,
wani ya fara dariya tun ba a ɗauko labarin ba.

Kawuna ne, wan mahaifiyata.
Shekara goma sha tara yana bayan Landiroba
tsakanin gwangwanayen fim da jarkar fetur,
daga Babura zuwa Garki,
daga Garki zuwa inda hanya ta ƙare
aka ɗora kaya a kan jaki.

Tuƙi na Sale Dogo ne.
Inji kuwa, Mista Bulus ba ya yarda ko inuwarka ta taɓa.
Aikin Kawu biyu: ya ɗaure ƙyalle tsakanin gora da gora,
sai ya riƙe lasifika.

Bature ya buɗe baki a jikin alawayyo,
muryar Kawu ta fito.
Turancinsa bai cika cokali ba,
amma ya sa likitan agana ya roƙi rancen sule biyu,
ya sa malamin gona ya yi wa takin zamani kirari
kamar ɗan dambe ya ga abokin karawa.
Fim ɗaya, gari bakwai, labari bakwai.
Saniyar da ke Goshi a garinmu
in an je gaba sai ta zama bazawara mai tsada.

In fim ya tsinke, kuma kullum sai ya tsinke,
Mista Bulus na lalube da tocila a baki,
Kawu ya shiga cikin hasken da kansa.
Shi ne mai karɓar haraji,
shi ne wanda ya ɓuya a rumbu,
shi ne karen gidan da ya tona asiri.
Shinge na zagaya kansa kamar hayaƙi.
Akwai daren da aka gama gyara
jama'a suka ce a bar injin ya huta.

Mu yara mukan zagaya bayan ƙyallen
mu ga inda mutanen ciki suke kwana.
Sai mu iske Kawu a tsugune
yana tsotsar lemon tsami saboda muryar gobe.

A ƙarshe rubutu kan yi ta hawa sama.
Bai san baƙi ɗaya ba, amma ya karanta:
Gambo wanzami, Uwale ungozoma,
Talle mai gyaran guga.
Kowa ya tafi gida da sunansa a kunne.
Ban taɓa jin ya faɗi nasa ba.

Sannan kaset ya zo, kowane mai shayi da akwatinsa.
Landiroba ta durƙusa bayan sakatariya,
kaji suka yi ƙwai a kujerar Sale.
Fansho? Aka buɗe fayil, aka rufe:
lebura ne, ba a rubuta murya a littafin albashi.
Ya naɗo ƙyallen ya taho gida.
Ba wanda ya biyo sawu.

Sau ɗaya 'yan fim na Kano suka zo ɗaukar kasuwa,
suka ba shi naira ɗari biyu ya wuce da akuya.
Mun saya, mun kalla, mun mai da baya sau huɗu.
Ƙeyarsa ce, da rabin akuyar.

Ya bar wasiyya a sa shi a ciki.
Liman ya juya ƙyallen, ya ga tsatsar ƙusa,
kashin ƙwari, faci uku na Inna Tabawa,
ya ce a sayo sabo.
Aka sayo.

Yanzu Inna na shanya kuɓewa a kai.
Jiya ta wanke shi ta rataya a danga,
rana ta faɗo ta baya,
inuwar wani mai keke ta gifta a jiki.
Jikana ya tsaya cak, baki buɗe,
yana jira ya ji me mutumin zai ce.

Na waiga, ba kowa.
Na gyara murya.