Ɓarawon Albashi

A Eskilstuna, garin maƙeran Suwidin,
rana ta faɗi tun ƙarfe uku.
Torvald bai kunna fitila ba,
yatsu ne idonsa.

Shekara talatin ana biyan sa ya yi ɓarawo:
ga sabon kwaɗo, buɗe, ba makulli.
Tsinken ƙarfe a dama,
yana lallashin 'yan ƙusoshin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Na yau Majken ce ta ƙera.
Ƙusa shida, uku masu ƙugun kalangu.
Ka taɓa, su ce ƙis, cikin ya ɗan juya,
zuciya ta ce an gama.
Ina! Romon baka ne.
Ta huɗu haƙoran zarto gare ta.
Ga sakata a gefe ta yi gum,
makullinta kaɗai take wa magana.

Awa biyu. Kofi ya huce.
Ya rubuta, "Ya fi ƙarfina," yana murmushi.

Da dare, dusar ƙanƙara na zuba,
ya laluba aljihu a ƙofar gida: wayam.
Kwaɗon kuwa aikin Majken ne na bara.
Ya zauna kan matakala, yana jiran matarsa.