Cinikin Biri a Sama

A bayan Kasuwar Barci, inda Jatau ke gyaran rediyo,
benci ɗaya ne, mu biyar muke matsuwa a kai.
Yau kwana tara muna gardama
kan tocilar da ko Legas ba ta iso ba.

Hujjarmu hoto guda ne a wayar Mamuda,
rabin jiki, baƙi wuluk, sauran duhu ya haɗiye.
Kamfani ya nuna wutsiya ya ɓoye kai
kamar ƙadangare a tsagar katanga.

Mamuda ya buɗa hoton da yatsu biyu har ya dushe.
"Ku dubi tudun nan, madanni ne.
A gindi suka sa shi,
babban yatsa zai same shi ko a magagin barci."
Jatau bai ɗaga kai daga dalma ba:
"Maiƙon ƙosai ne a gilashinka. Goge."
Ya goge. Tudun na nan.
Ranar Mamuda bai bar mu mun sha iska ba.

Barau, mai sintiri a Rigasa,
shi haƙora yake so a bakinta,
zobe mai tsini da zai fasa gilashin mota,
da lumen dubu huɗu cif.
"In haska daga gadar Kawo,
zakara ya yi cara a Mando."

"Dubu huɗu?" in ji Jatau.
"Minti biyu ta gasa maka tafin hannu,
sai dai in sun yi mata tsaga a wuya ta sha iska.
Ni batirin nake jira.
In a liƙe yake, ba ya fita,
to haya suka ba ka.
Abin da sukudirebata ba ta buɗewa, ba naka ba ne."

Ni kuwa sau uku na zana ta a kwalin sabulu:
ta farko da ramin caji a ƙugu,
ta biyu da murfin roba saboda ruwan Agusta,
ta uku ta fito kamar taɓarya,
suka yi dariya har mai shayi ya leƙo.

Ishaya ba ya cika magana.
Shekara goma sha shida yana gadi a Kakuri,
a masaƙar da ta daina saƙa.
Ya juya kofinsa, ya ce:
"Duk kuna neman rana a aljihu.
Mai haske da yawa, shi ake fara gani.
Ni ƙaramin nake tambaya,
na ƙasa can, kamar wata ɗan kwana uku,
wanda zan duba kwaɗo da shi
ba tare da na gaya wa dare inda nake ba.
In na koma gida da asuba
in ga fuskar Ladi, kada ta farka."

Ba wanda ya zana wannan.

Mamuda ya yi gyaran murya, ya kawo zancen kuɗi,
ya buga dala a waya, ya sake bugawa.
Buhun masara biyu, har da ɗoriya.
Barau ya ce ƙila ta sauko bayan salla.
Ba mu ce ƙarya ba ne.

Sai Nepa ta ɗauke.
Fankar Jatau ta yi juyi uku ta tsaya,
dalma ta huce,
janareton mai kanti ya yi tari ya fasa.

Kowannenmu da tocila a aljihu:
ta Barau ɗaure da kyauron roba,
tawa sai an mare ta take kamawa.
Ba wanda ya kunna.
Wa zai fito da tsohuwarsa
a gaban wadda ba a haifa ba?

Muka zauna haka, kafaɗa da kafaɗa.
Can cikin duhu muryar Mamuda ta ce:
"Amma dai madannin a gindi yake."