Guga da Igiya

Ƙarfe biyu da kwata, Auyo ta yi barci.
Ni da fitilar sola da sauro uku
muna zaman jinya.
Kwamfutar ƙungiyar manoman shinkafa ce,
mai tada famfunan fadama kafin asuba.
Karo na tara ke nan cikin wata
tana sandarewa, ido buɗe, ba ƙiftawa.

Na taɓa goshinta, babu zazzaɓi.
Batir a ƙoshe yake.
Ciwon yana can cikin ƙwaya,
ƙuryar da ake raba wa ayyuka layi.
Kafin ta shiɗe ta bar wasiyya,
sahu arba'in na lambobi.
Na ɗauka da wayata, hoton ma a karkace.

Na bi sawu kamar mai cigiyar akuya.
Zare na farko ya danne kwaɗon ma'aunin ruwa
yana jiran na rajista.
Na biyu ya danne na rajista
yana jiran na ma'auni.
Sau biyar na karanta.
Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ƙarya,
haƙuri ne ya yi musu yawa.

Waje, kwaɗin fadama sun cika dare da surutu.
Nawa kwaɗin biyu, gum.

Sai na tuna Iya Kuluwa da Tabawa maƙwabciyarta
a bakin rijiyar bayan makaranta,
wannan da guga, waccan da igiya.
Miƙo naki. A'a, ke miƙo.
Har inuwar kuka ta koma gindinta,
tuluna biyu a bushe.
Ranar Baba Jibo ya yanke magana:
duk mai son ruwa, igiya zai fara ɗauka.

Layi biyu kawai na sauya wa wuri.
Ma'auni tukuna, sannan rajista,
ko'ina, ko da wa.
Kwana goma sha ɗaya na neman
abin da bai kai tsawon tsinken sakace ba.

Na sake gina ta, na kunna, na harɗe hannu.

Ilu mai gadi ya leƙo da tocila:
Malama Saude, ta warke?
Na ce ciwon da ke zuwa sa'ad da ya ga dama
ba a yi masa guɗa a dare ɗaya.

Ya tsaya, ya karkata kunne.
Can ƙasa famfo ya yi tari,
ruwa ya kama hanyar gonar Sale.