Don Eleuterio

A hawa na uku, bisa tudun Valparaíso,
inda taga ke leƙen tashar jiragen ruwa,
nakan danna maɓalli da ƙarfe huɗu
in naɗe hannu.
Gwaji dubu biyu da ɗari uku,
minti arba'in da bakwai.
Kafin allo ya ce kore ko ja
shayina ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa,
jirgin dakon kaya ya shigo an ɗaure shi,
ni ko na manta abin da na gyara.

Ximena ta ce, ruwa ba ya tsami banza.
Ta jawo kujera,
ta rataya wa kowane gwaji agogo a wuya,
muka zuba ido mu ga inda lokaci ke yoyo.

Sai ga Don Eleuterio.

Ba mutum ba ne. Mu muka ƙago shi
wata Talata, shekara shida baya,
don manhaja ta sami wanda za ta yi ciniki da shi.
Muka ba shi adireshi, lambar waya,
da kwantena uku na busasshen inabi.
Kowane gwaji sai an haife shi sabo ful,
a gina masa rumbun bayanai tun daga tushe,
tebur saba'in, kowanne da ƙafafunsa,
a murɗa kalmar sirrinsa sau dubbai
kamar ɓarawo na tsaye bakin ƙofa,
duk don a yi masa tambaya guda:
rasiɗinka ya fito daidai?
Ya ce i.
A rushe gidan a kansa.
Na gaba ya zo, a sake haƙa tushe.

Kunya ta kama ni.
Hannuna ne ya rubuta layin, da sunana a gefe.

Laraba muka fara.
Gida ɗaya, gini ɗaya, a bar shi tsaye.
Gwaji ya shigo ya yi ɓarnarsa,
amma kada a buga masa hatimi;
yana fita a janye kome, kamar ba a yi ba,
yadda teku ke lashe sawu a yashi.
Minti goma sha tara.
Kwaɗon sirri muka sauya da mai araha,
wa zai yi wa inuwa sata?
Sha ɗaya.
Muka ɗauke rumbun daga faifai
muka aza a ƙwaƙwalwar na'ura.
Bastián ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
ya raba aikin gida huɗu, kowa da rumbunsa.

Allo ya yi ja.

Guda ɗaya tak, na ɗari tara da sha ɗaya.
Shekara shida yana cin jarrabawa
ashe da ragowar maƙwabcinsa yake rayuwa,
layi ɗaya da wancan ke mantawa a tebur.
Da aka raba su sai asiri ya tonu.
Muka bi shi har goma na dare,
Bastián na cin burodi a kan madannai,
Ximena na zagin na'ura ƙasa-ƙasa.
A ƙarƙashinsa akwai kuskure na gaske,
wanda da ya caji wani mai inabi kuɗin fito sau biyu.

Yau minti uku da daƙiƙa goma.
Na danna, na kurɓi shayi, ya ƙona mini harshe.
Jirgin can bai ko juya hanci ba.

Eleuterio kuwa yanzu su huɗu ne,
haihuwa ɗaya kowanne.
Da, numfashi guda yake yi a kashe shi.
Yanzu yana samun minti uku cur
yana zaune da inabinsa,
ana shiga ana fita ana tambayarsa.
Bai taɓa tsawon rai irin wannan ba.
Ximena ta ce in daina yi masa sannu,
akwai aiki.