Ba Ni Rasidi, Kofur

Rubuta. Sunana Talle Maikuza,
shekara sittin da huɗu, daga bayan Rishi,
inda hanya ke gajiya, daji ya karɓa.
Bindigar tawa ce, ban musa ba.
Harba-ruga ce, maƙeri ya ƙera wa ubana
da ladan wankin kuza na wata bakwai
a ramin da kamfani ya kwashe, ya bar mana kududdufi.
Ƙotarta ta tsage, na ɗaure da wayar birki.

Ka ce doka ta hana. Na ji.
Amma ɗazu, da kuke kawo ni nan Gumau,
motarku ta ratse gefe
don wani mai jiniya ya wuce,
'yan sanda huɗu a bayan a-kori-kura,
kowa da baƙin ƙarfe a cinya,
suna gadin mutum ɗaya da tumbinsa.
Albashinsu daga ina?
Daga harajin da na biya kan buhun masara ranar kasuwa.
Ni na sayi bindigar da ke tsaron barcinsa,
ni aka kama da wadda ke tsaron nawa.

Daren da suka zo, gero ya kai ƙugu.
Babura tara, na ƙirga fitilu ta kafar zana.
Mun kira lambar da kuka rubuta a bangon makaranta,
aka ce mota ba mai.
Hantsi ya dubi ludayi kafin ku iso,
kuka dubi jinin Jibo, kuka dubi agogo.
Sun kora shanun huɗa biyu da Dudu matar ƙanena.
Muka sayar da fadama muka fanso ta.
Ka san wa ya saya?
Mai jiniyar nan. Rabin kuɗi.

Na yi ƙungiyar lebura tun gemuna na baƙi,
na sha barkonon tsohuwa a bakin ofishin manaja,
abu ɗaya na fito da shi:
duk abin da aka ce ya fi ƙarfin hannun talaka,
ƙasa ce, alƙalami ne, ƙuri'a ce,
akwai mai cin ribar hannun nan in ya zauna wayam.
Ɓarawo na da ita, bai cika takarda ba.
Attajiri na da ita, da hatimi da sa hannu.
Sai mai fartanya a tsakiya,
an ce ya yi haƙuri ya yi addu'a.

Kande ba ta tare da ni a wannan, rubuta har da shi.
Ta ce wuta ba ta san bukkar mai ita ba.
Ta tuna min ɗan Barde
da ya harbi ɗan baffansa kan iyakar gona,
taku uku na ƙasa.
Ni na wanke gawar.
Ban da amsar da zan ba ta, sai dai ban ce a raba kamar goro ba.

Cewa na yi a yi mata yadda muka yi wa takin gama-kai:
ɗaki ɗaya, littafi ɗaya, kwaɗo uku.
Makulli guda wurin matan unguwa,
guda wurin ardon ruga, don shi ma 'ya'yansa biyu aka ɗauke,
guda wurin malamin firamare mai rubuta wa ya ɗauka, yaushe ya maido.
Ku zo ku ƙirga duk wata, ƙofa a buɗe take.
Ranar da kuka fara isowa kafin babura
ni zan kai ta maƙera a mayar min da ita garma.

To, za ku riƙe? Ku riƙe.
Amma ba ni rasidi, kofur,
ka sa suna da lambar kafaɗarka.
Motar ƙarshe ta Rishi na tashi ƙarfe biyar,
mutum goma sha ɗaya ke jirana a gida, shida yara.
Ina so in san abin da zan jingina a bayan ƙyaure
in na sake ganin fitilu.